Shin Yahuza Bai Yi Gaskiya Ba A Kan Turaren Betanya?

Wani ɗan'uwa, ma'ajin ikkilisiyarsu, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, duk shekara in Ista ta gabato ana karanta mana labarin matar da ta juye wa Yesu turare mai tsada. Ni kuwa kuɗin ikkilisiya a hannuna suke, na san gwauraye da marayun da ke jiran taimako. In na ji Yahuza ya ce da an sayar an ba matalauta, sai in ji zuciyata ta yarda da shi, daga baya kuma tsoro ya kama ni. Me ya sa Ubangiji ya goyi bayan matar? Ina ƙauna a cikin ɓarnar dukiya?"

Ɗan'uwana, alheri da salama su tabbata a gare ka. Kwantar da hankalinka tukuna, domin ba a kanka aka fara wannan tambaya ba. Yohanna ne kaɗai ya kama sunan Yahuza a wannan wuri. Markus cewa ya yi waɗansu daga cikin mutanen da ke wurin suka ji haushi, har suka yi wa matar faɗa. Matiyu kuwa bai rufa musu asiri ba, ya ce almajiran ne. Ke nan mutanen da muke raɗa wa 'ya'yanmu sunayensu, a wannan dare bakinsu ya zo ɗaya da na Yahuza. Na daɗe ina koyar da Linjila ga masu shirin aikin bishara, da wuya kuma aji ya wuce ba a sami wanda ya ɗaga hannu ya yi tambayar nan ba. Galibi mai tambayar shi ne wanda ya fi kowa sanin zafin babu.

Sai mu fara da inda abin ya faru da lokacin da ya faru, domin rabin amsar a nan take. Betanya ƙauye ne a gabashin Dutsen Zaitun, wajen kilomita 3 daga Urushalima. Yau ana kiran wurin Al-Azariya, daga sunan Li'azaru. A nan Yesu ya ta da Li'azaru bayan ya kwana 4 a kabari, kuma wannan al'ajibin ne ya sa manyan firistoci da Farisiyawa suka kira majalisa. A zaman ne Kayafa, babban firist, ya ce gara mutum ɗaya ya mutu saboda jama'a da a ce al'umma duka ta hallaka. Ƙarshen sura 11 ta Yohanna ya gaya mana sun ba da umarni, duk wanda ya san inda Yesu yake ya kawo labari a kama shi. Yesu ya janye zuwa wani gari da ake kira Ifraimu, kusa da jeji, sannan ana sauran kwana 6 Idin Ƙetarewa ya komo Betanya.

To, ka ga irin liyafar da aka shirya. Baƙon da ake karramawa hukuma na nemansa ruwa a jallo. Li'azaru da ke zaune tare da shi, ba a jima ba shi ma aka ƙulla shawarar kashe shi, don mutane na ba da gaskiya saboda shi. Duk wanda ya shiga gidan nan ya ci abinci ya san abin da ya taka. Marta, 'yar'uwar Li'azaru, na ta hidima kamar yadda ta saba. Ana cikin haka 'yar'uwarsu Maryamu ta shigo da ɗan tulu a hannu.

Abin da ke cikin tulun man nardi ne tsantsa. Daga saiwar wani tsiro ake tatsarsa, tsiron kuwa a can duwatsun Himalaya yake fitowa, wajen Nepal da arewacin Indiya. Fatake ne ke ɗauko shi, ya bi ta hannun wannan ya faɗa hannun wancan, kowa na ɗora ribarsa, kafin ya iso ƙasar Yahudiya. Yohanna ya ba da awonsa, litra guda ta Romawa, wajen giram 327. Markus ya ce tulun na alabasta ne, wani farin dutse mai laushin sassaƙa. Pliny, marubucin Roma na ƙarni na farko, ya rubuta cewa a irin wannan dutse turare ya fi daɗewa bai lalace ba, ya kuma ce akwai turaren da litrarsa ke wuce dinari 400, wato kuɗin azurfa na Romawa. Saboda haka farashin dinari 300 da Yahuza ya faɗa a ɗakin nan ba zuguguwa ba ce. Irin wannan tulu yana da siririn wuya, ana liƙe bakinsa, mai shi ta riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Matanmu sun san wannan sarai: akwai humrar yau da kullum, akwai kuma wadda ake ɓoyewa a ƙasan akwati, sai ranar da ta kai rana. Markus ya ce matar nan fasa tulun ta yi. Tulun da aka fasa ba ya komawa akwati.

Yanzu ga lissafin Yahuza, kuma a matsayinka na ma'aji zan gaya maka gaskiya: lissafin daidai yake. Dinari guda shi ne ladan ɗan ƙodago na yini ɗaya, kamar yadda muka gani a misalin ma'aikatan gonar inabi cikin Matiyu sura 20. Dinari 300, in ka cire ranakun Asabar da na idi da ba a aiki, guminsa ne na shekara cur. Ka tuna kuma ranar da aka ciyar da mutum 5,000, Filibus ya ƙiyasta gurasar dinari 200, ya ce ko ita ba za ta isa kowa ya sami ɗan kaɗan ba. Kuɗin da ake maganarsa game da ciyar da dubban mutane, ga wanda ya fi shi ya malale a ƙasa cikin 'yan mintoci. Ba da sadaka kuma ba baƙon abu ba ne a wurinsu. A daren jibin ƙarshe, da Yesu ya sallami Yahuza, waɗansu almajirai sun zaci an aike shi ne ya ba matalauta wani abu, alamar an saba yin haka daga jakar. Yesu kansa ba mai son ɓarna ba ne. Shi ne ya ce a tattara gutsattsarin da suka rage kada kome ya lalace, aka cika kwando 12. Shi ne ya ce wa saurayin nan mai dukiya ya sayar da abin da yake da shi ya ba matalauta. Almajiran ba su ƙago wata sabuwar koyarwa ba, abin da suka koya a wurinsa suka maimaita.

To me ya ɓata maganar? Game da Yahuza, Yohanna ya faɗa kai tsaye: ba don ya kula da matalauta ya yi ta ba, ɓarawo ne, jakar na hannunsa, yana ɗibar abin da ake sawa. Wannan ba ya bukatar dogon bayani, kuma ba shi ne matsalarka ba. Mutumin da ke sata ba ya aiko da irin tambayarka. Abin da ya fi shafarka, ya kuma shafe ni, shi ne kuskuren sauran, waɗanda hannunsu tsab yake. Su ba su san wace rana ake ciki ba.

Sau 3 cikin Markus Yesu ya gaya musu dalla-dalla cewa za a bashe shi, a kashe shi. Dubi abin da ya biyo bayan kowanne. A sura 8, Bitrus ya ja shi gefe yana tsauta masa. A sura 9, suka kama gardama a hanya kan wane ne babba a cikinsu. A sura 10, bayan ya ambaci ba'a da tofin yau da bulala, Yakubu da Yohanna suka matso suna roƙon kujerar dama da ta hagu. Mutum na gaya wa aminansa zai mutu, su kuwa suna rabon muƙami. Duk lokacin da na karanta waɗannan surori a jere, kaɗaicin Ubangiji ne ke fara taɓa ni. Yana tafe zuwa Urushalima da mutum 12 a bayansa, amma nauyin da ke ransa shi kaɗai ke ɗauke da shi.

Maryamu kuwa sau 3 muka gamu da ita a Linjila, kuma kowane karo a ƙafafunsa take. A Luka sura 10 tana zaune a nan tana sauraron maganarsa, har 'yar'uwarta ta kai ƙara. A Yohanna sura 11 ta faɗi a nan tana kukan ɗan'uwanta. A sura 12 ga ta a nan kuma da turare. A ganina, sauraron nan na farko shi ya haifi aikin nan na ƙarshe. Ta ji abin da yake faɗa, ta ga abin da ta da Li'azaru ya jawo masa, ta san ran ɗan'uwanta da aka mayar mata da ran wa za a biya shi. Ba ta da ikon hana majalisa, ba ta da takobi, ba ta da murya a gaban Kayafa. Tana da tulu. Shi ya sa Yesu ya ce, bisa ga Markus, ta yi abin da take iyawa, ta riga ta shafe jikinsa domin jana'iza.

Ka lura kuma, a duk wuraren da aka ba da labarin nan, ko kalma ɗaya ba a ji daga bakinta ba. Ba ta kare kanta ba sa'ad da ake mata faɗa. A cikin wannan sura ta 14 ta Markus ne kuma Bitrus ya dage yana cewa ko da zai mutu tare da shi ba zai yi musunsa ba, sauran ma duk suka faɗi haka. Kafin gari ya waye kowa ya watse.

Bari in ba ka abin da na gani da idona, don shi ya buɗe mini wannan nassi fiye da littattafan da na karanta. A ƙauyen da na fara aikin wa'azi akwai wani dattijo da ciwo ya ci ƙarfinsa, aka sallamo shi daga asibiti aka ce a koma gida da shi. Kowa ya gane ma'anar hakan. Matarsa tana da akuya guda, ita ce jarinta, ita ce kuɗin makarantar autansu. Ranar kasuwa ta ja ta ta sayar, ta sayo farin yadi, ta kai wa tela ya ɗinka wa mijin riga da wando, domin shekaru yana cewa wata rana zai shiga sujada da sabuwar farar riga, bai taɓa samun hali ba. Dangi suka yi ca a kanta. Ni ma na same ta na ce, "Mama, da kin bar akuyar nan saboda yaron." Ta dube ni ta ce, "Malam, yaron yana nan. Baban ne ba ya nan." Ran Lahadi aka ɗora shi a kan keke, mutum biyu na riƙe da shi hagu da dama, aka kawo shi majami'a. Ya zauna a benci na gaba yana shafa hannun rigar da yatsunsa, bakinsa na motsi da waƙar da ba shi da numfashin rerawa. Bai ƙara ganin wata Lahadi a majami'a ba, a cikin rigar aka binne shi. Lissafina daidai ne a ranar, kuɗin makaranta abu ne na gaske, daga baya ma ikkilisiya ce ta haɗa ta biya. Amma ita ta san abin da ni ban lura da shi ba, cewa akwai alherin da ke jira, akwai kuma wanda in ba a yi shi yau ba an rasa shi har abada.

Yahudawa ma sun san wannan bambanci. A cikin Talmud, littafin koyarwar Yahudawa, wanda aka rubuta bayan zamanin Yesu amma ya adana tsohon tunaninsu, malamansu sun raba sadaka da aikin jinƙai, suka ce aikin jinƙai ya fi. Dalilinsu: sadaka da kuɗi ake yi, jinƙai kuwa da kuɗi da jiki; sadaka ta matalauci ce, jinƙai na matalauci da mawadaci; sadaka ta rayayye ce, jinƙai na rayayye da matacce. Shirya gawa da binne ta na cikin manyan ayyukan jinƙai, don mamaci ba zai taɓa rama maka ba. Da Yesu ya ce ta yi masa kyakkyawan aiki, ya kuma haɗa shi da jana'izarsa, masu sauraro sun gane inda ya dosa. Ya fitar da aikinta daga ma'aunin da suka ɗora shi a kai, ya sa shi a wanda su kansu suka yarda ya fi nauyi. Kuma a wannan mako, wane matalauci ne ya fi shi? Jakin da ya hau na aro ne, ɗakin da ya ci jibi na aro ne, tufafinsa sojoji suka raba, kabarin ma na wani ne.

Sai maganar da ta fi damun mutane: matalauta kullum suna tare da ku. Na sha jin an ɗauko ta don a rufe bakin mai neman taimako, kamar Yesu na cewa talauci ƙaddara ce, a bar shi. Wannan mummunar fassara ce, kuma ina roƙonka kada ka bari a yi ta a gabanka ka yi shiru. Yesu ya ɗauko rabin aya ne daga Maimaitawar Shari'a 15:11, duk Bayahuden da ke ɗakin kuma ya san sauran rabin. Ayar ta ce ba za a rasa matalauta a ƙasar ba, saboda haka Allah ya umarta ka buɗe hannunka ga ɗan'uwanka matalauci da mabukaci. Markus ma ya adana ƙarin da Yesu ya yi, cewa duk lokacin da kuka so kuna iya yi musu alheri. Ke nan bai rage kome daga hakkin matalauta ba. Ya ɗora wa almajiran shi a matsayin aikin kullum, gobe da jibi da bayan Idi, har ƙarshen ransu. Abin da ya ware dare ɗaya ne, domin Ɗan Allah sau ɗaya zai mutu.

Akwai wani ɓangare na hadayar Maryamu da ba a cika magana a kai ba, ni kuwa ina ganin ya fi kuɗin tsada. Yohanna ya ce ta shafe ƙafafunsa da gashin kanta. A wancan zamani kishingiɗa ake yi wajen cin abinci na biki, kai na wajen akushi, ƙafafu na baya, saboda haka ta bayansa ta zo ta durƙusa. Taɓa ƙafar baƙo aikin bawa ne. Kwance gashi a gaban maza kuwa abin kunya ne ga 'yar mutunci. A Littafin Ƙidaya sura 5, matar da ake zargi da cin amanar aure ce firist ke kwance wa gashi. Mu nan ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Ka ɗauka matar gidan mutunci ta cire ɗankwali a tsakar taron maza, ta durƙusa ta goge ƙafar baƙo da kitsonta. Gobe ina za ta sa kanta a bakin rijiya? Maryamu ta san za a yi da ita, ta yi. Markus da Matiyu sun ce a ka ta zuba, Yohanna ya ce a ƙafa, kuma da yawan man nan babu wuya ya kai duka biyun, shi ya sa Yesu ya ce jikina. Zubawa a ka tana tuna mana yadda Sama'ila ya shafe Saul da Dawuda, ma'anar Almasihu ma ke nan, Shafaffe. Sarkin da zai hau gicciye, mace ce ta shafe shi a ƙauye, a gidan wani da ake kira Saminu kuturu.

Ga kuma abin da Yohanna ya saƙa a cikin labarin. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita wajen cewa Maryamu ta goge ƙafafun Yesu, ita ce ya sake ɗaukowa a sura ta gaba, inda Yesu ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya wanke ƙafafun almajiransa yana gogewa. Abin da zai umarce su su riƙa yi wa juna, ita ta riga ta yi masa tun ba a umarta ba. Kuma gidan nan da Yohanna ya ce ya cika da ƙanshi, a cikinsa Marta take hidima, ita da ba da daɗewa ba ta ce kada a buɗe kabari don ɗan'uwanta ya yi ɗoyi.

Yanzu mu zo kan kalmar da ka yi amfani da ita, ɓarna. Ita ce masu gunaguni suka faɗa a Markus da Matiyu: ina amfanin wannan ɓarna? A Helenanci kalmar na nufin hasara, tana kuma nufin hallaka. Ita ce Yesu ya yi amfani da ita a addu'arsa ta Yohanna sura 17, inda ya kira Yahuza ɗan hallaka. Markus da Matiyu duka sun nuna cewa daga wannan liyafa labari ya wuce kai tsaye zuwa tafiyar Yahuza wurin manyan firistoci. Tambayarsa a Matiyu ita ce, me za ku ba ni? Suka ƙirga masa azurfa 30. A Fitowa 21:32 wannan shi ne diyyar bawan da sa ya kashe. In azurfar shekel ce, yadda masana da yawa suka ɗauka, ta kama dinari 120. Mutumin da ya san farashin turare da ganin ido, ya sallama Ubangijinsa a kan abin da bai kai rabin kuɗin tulun ba.

A nan ne amsar tambayarka ta ainihi take, ɗan'uwana. Yesu ya kare Maryamu domin abin da ta yi da tulunta shi ne abin da yake shirin yi da ransa. In ka ɗora gicciye a kan sikelin Yahuza, ba ɓarnar da ta kai shi. Ga mutum ɗan shekara 30 da 'yan kai, yana warkar da kutare, yana buɗe idon makafi, yana ciyar da dubbai. Da ya ƙara shekara 40 a duniya, marasa lafiya nawa za su warke? Da ya kauce zuwa Galili har ƙura ta lafa, wa zai zarge shi? Kuma saboda su wa zai mutu? Saboda wanda zai yi musunsa sau 3, da waɗanda za su yi barci a Getsamani, da masu kafa masa ƙusa. Bulus ya ce da kyar wani zai mutu saboda mai adalci, amma Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi. Bai ɗiga mana kaɗan ya liƙe sauran ba. Shi ya sa a Afisawa 5:2 Bulus ya kira mutuwarsa baiko da hadaya mai daɗin ƙanshi ga Allah. Shi ya sa kuma Yesu ya ce duk inda aka yi shelar bishara a duniya za a ba da labarin matar nan don tunawa da ita. Bai faɗi haka a kan kowa ba, ko Bitrus. Wanda ya gane tulun da aka fasa ya kama hanyar gane gicciye.

Dole in ja kunne a nan, don na ga yadda ake cin zalin mutane da wannan nassi. Mai wa'azi ya tsaya ya ce wa talakawa su fasa tulunsu, ma'ana su kawo kuɗin haya da kuɗin magani su zuba a gabansa, ya kuma yi musu alkawarin za a ninka musu. Wannan ba shi da alaƙa da Betanya. Ba wanda ya roƙi Maryamu, ba wanda ya yi mata alkawarin riba, kuma ba ta ba wani mai rai da ke gina gida ba, ta ba mai shirin mutuwa ne. Mai neman turare ya koma kuɗi ya shiga jakar da ke hannunsa, mun san wanda ya yi haka a ɗakin. A cikin wannan mako ɗin ne Yesu ya la'anci malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye, nan take kuma ya zauna daura da baitulmali ya ga gwauruwa ta jefa 'yan anini 2, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin 64 na dinari ba. Ya ce ta fi kowa bayarwa, don ta ba da dukan abin da take da shi. Markus ya sa mata biyun nan kusa da juna, ɗaya a ƙarshen sura 12, ɗaya a farkon sura 14. Tsakanin baikonsu akwai tazarar sama da ƙasa in kuɗi ake dubawa, Yesu kuwa kusan magana ɗaya ya yi a kansu.

Wani ɗan gyara a gefe, tun da ana yawan rikita shi a wa'azi. Maryamun Betanya ba ita ce Maryamu Magadaliya ba, ba kuma ita ce mace mai zunubi ta Luka sura 7 ba, wadda labarinta ya faru tun da wuri a gidan wani Bafarisiye. Haɗa su ukun ya yaɗu ne a Yamma bayan wa'azin Fafaroma Giregori Babba na shekarar 591, ikkilisiyoyin Gabas ba su bi wannan ba, cocin Katolika ma ta raba su a gyaran kalandarta na 1969. Abin yana da muhimmanci, don Yohanna bai ce Maryamu ta zo neman gafarar wani abin kunya ba. Ƙauna da godiya suka kawo ta.

Game da aikinka kuwa, ka ci gaba da ƙirga kowane kwabo, ka rubuta, ka kare rabon gwauraye da marayu ko da za a ga baƙinka. Bulus da kansa, sa'ad da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya sa ikkilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka kuɗin don kada a sami abin zargi. In kwamiti na son kashe kuɗin jinƙai a kan ado, ka tsaya ka ce a'a, Betanya ba ta hana ka ba. Abin da nake roƙonka ka kiyaye shi ne ranar da wata za ta fasa nata tulun, da kuɗinta, da son ranta, a kan mahaifi mai jinya ko a kan Ubangijinta. Ran nan ka riƙe alƙalaminka. Kalmar farko da ta fito daga bakin Yesu a ɗakin ita ce, ku ƙyale ta. Kuma ka tambayi kanka a ɓoye, yadda nake tambayar kaina duk shekara in wannan mako ya zo, ko akwai abin da na taɓa ba shi wanda ba zan iya karɓowa ba. Dawuda ya ƙi karɓar masussukar Arauna kyauta, ya ce ba zai miƙa wa Allahnsa hadayar da bai biya kome a kanta ba. Bulus kuma ya ce mutum na iya rabar da dukan mallakarsa don ciyar da matalauta, in ba ƙauna bai amfana da kome ba.

Ran Jumma'a da la'asar aka sauko da shi daga gicciye cikin gaggawa, don rana na shirin faɗuwa, Asabar na shigowa. Yusufu na Arimatiya ya roƙi Bilatus jikin, ya sayo likkafanin lilin. Nikodimu, wanda a dā da dare ya zo wurinsa, ya kawo mur da al'ul fiye da kilo 30. Sun yi abin kirki, sun kuma sayar da rai wajen yinsa, sai dai wanda suke yi wa ba ya ji, ba ya gani. Da Asabar ta wuce, Maryamu Magadaliya da Maryamu uwar Yakubu da Salome suka sayi kayan ƙanshi, suka yi sammako ran Lahadi don su shafe shi, suna tambayar juna a hanya wa zai gangarar musu da dutsen. Suka tarar an riga an kawar da shi, jikin da suka zo shafewa ba ya nan. A cikin sunayen da Markus ya lissafa a bakin kabarin da safen nan, babu Maryamun Betanya. Ita ta shafe shi tun yana iya jin ƙanshin, ta kuma fita daga ɗakin da shi a gashin kanta.